Kwana uku a Addis Ababa da dattijo: ina za mu fara?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka taka Addis Ababa da ƙafarsu. Shekara takwas ke nan ina bin jirgin Habasha daga Kano zuwa Guangzhou saro kaya, na sauka a Bole ya fi a ƙirga, amma ban taɓa fita ƙofar filin jirgin ba. Iyakar abin da na sani na garin shi ne kujerun jira, da wurin salla, da duwatsun da ake hangowa ta gilashi. To a watan Disamba, in Allah ya yarda, zan raka Baba umra, kuma ya kafe sai mun tsaya kwana uku a Addis a hanyar dawowa. Mahaifinsa soja ne a yaƙin Hitila, Habasha aka fara kai su kafin Bama, shi kuma Baba ya tashi yana jin labarin ƙasar da ake ganin rana tarwai amma haƙoran mutum na kaɗawa. Shekararsa 71, yana da hawan jini amma yana kan magani, kuma salloli biyar da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Ina za mu fara? Me za mu bari? Sannan tudun garin nan da ake faɗa, ba zai cutar da shi ba?

Alhaji Na Kwari:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ni dai ban goyi baya ba. Dattijo ya fito daga ɗawafi da sa'ayi, jiki duk a mace, sai ka ɗauke shi ka kai kan dutse? Na taɓa kwana biyu a garin. Bene hawa biyu kawai na hau da akwatina a otal, sai da na zauna a kansa ina haki. Kaina ya kwana yana sara. Washegari na ce bari in leƙa kasuwarsu, ban yi awa ɗaya ba aka zare min waya. Ban da haka ma, me za ku gani? Coci ne ta ko'ina. Ku wuce gida lafiya, a nuna masa hotuna.

Likita Hauwa:
Alhaji, abin da ya same ka gaskiya ne, amma ba dalilin fasa tafiya ba ne, dalilin shiri ne. Addis tana kan tudu na wajen mita 2,350, ita ce babban birni mafi tudu a duk Afirka. Kano ba ta kai mita 500 ba, Jos da muke kira garin sanyi tana wajen 1,200. A tudun Addis iska ta fi sakayau, duk numfashi ɗaya da mutum zai ja, abin da ke shiga jikinsa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu idan aka gwada da bakin teku. Shi ne hakin, shi ne ciwon kan, shi ne barcin da ke yankewa a daren farko. Yawancin mutane jikinsu na sabawa cikin kwana ɗaya zuwa biyu.

Malam Abu Sadik, ga abin da zai kwantar maka da hankali. Iskar da ke cikin jirgin sama idan ya luluƙa, ana daidaita ta ne kusan daidai da tudun mita 1,800 zuwa 2,400. Ke nan Baba zai ɗanɗani irinta tun a hanyar Jidda. Duk da haka ka kai shi wajen likitansa kafin ku tashi, a auna zuciya. Maganinsa ya kasance a jakar hannu. Ranar farko babu hawa, babu sauri, ruwa da yawa. Idan ka ga yana haki alhali yana zaune, ko ƙirji na ciwo, ko magana ta fara rikicewa, asibiti kai tsaye, kada a ce bari a ga safiya. Masu sikila kuma da ke karanta wannan, ku naku ya fi tsanani, tudu na iya tayar da ciwon, kada ku tafi sai da izinin likita.

Mazaunin Addis:
Shekarata shida ina aiki a garin nan, bari in sa baki. Kuskuren da baƙi suka fi yi shi ne, suna sauka sai direba ya ce a tafi Entoto, dutsen da ke saman birnin, a hango gari. Entoto ya haura mita 3,000. Mutumin da jiya yake Jidda a bakin teku, yau ka ɗora shi can, ai dole ya ji a jikinsa. Entoto ranar ƙarshe ake zuwa.

Ranar farko ku yi barci har hantsi, bayan azahar ku tafi Unity Park. Fadar Sarki Menelik ce, fiye da shekara ɗari talaka ba ya shiga, sai a 2019 aka buɗe wa jama'a. Akwai ƙaton zauren da yake ciyar da dubban mutane a zama ɗaya, akwai ɗakin gadon sarauta, akwai zakuna masu baƙin geza. Wurin na da faɗi, don haka ku riƙa zama kuna hutawa, kuma ku je da fasfo saboda binciken ƙofa. A ƙarƙashin ɗakin gadon sarautar nan ne sojojin Derg suka tsare manyan gwamnatin Haile Selassie bayan sun kifar da shi a 1974. Mutum na tsaye a sama yana kallon ado, ya sauko 'yan matakalai ya ga inda aka kulle masu adon.

Rana ta biyu ta Arat Kilo da Sidist Kilo ce, unguwannin jami'a da gidajen tarihi, duk a kan titi ɗaya suke. Wanda na fi so shi ne gidan tarihin al'adu da ke cikin Jami'ar Addis Ababa. Gidan Haile Selassie ne, ya bayar aka yi jami'a. Ɗakin kwanansa na nan da gadonsa da banɗakinsa. A ƙofar ginin akwai wata matakala mai murɗewa da ba ta kai ko'ina ba. Italiyawa suka gina ta lokacin mamaya, kowane taki shekara ɗaya ta mulkin Mussolini. Da aka kore su, Habashawa ba su rushe ta ba, sai suka ɗora gunkin zakinsu a kan takin ƙarshe. Duk baƙon da na kai wurin sai ya yi shiru yana kallo.

Ɗan Damagaram:
Malam Mazaunin Addis, ka manta ba ka gaya musu zancen agogo ba, shi ya fi komai rikita baƙo. Su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Ƙarfe 7 na safe wajensu ƙarfe 1 ne, 8 ƙarfe 2, tsakar rana ƙarfe 6. Idan direba ya ce zai zo ƙarfe 2, tambaye shi na Habasha ko na Turawa. Kalandarsu ma daban: wata 13, goma sha biyu masu kwana 30, na ƙarshe kwana 5 ko 6, sabuwar shekara a 11 ko 12 ga Satumba, kuma suna bayanmu da shekara 7 ko 8. Ka ga rasit da tsohuwar shekara kada ka ce an cuce ka. Ban da wannan, agogon ƙasar na gaban na Nijar da Najeriya da awa biyu.

Abu Sadik:
Allah ya saka da alheri, ina rubutawa. Likita, na gode ƙwarai, gobe zan kai shi a duba. Baba na zaune kusa da ni ina karanta masa, ya ce a tambaya ko za mu iya ziyartar kabarin Najjashi.

Malam Abu Maryam:
A gaida Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Mutanenmu da yawa suna zaton Najjashi a Addis yake. Ba a nan yake ba. Lokacin hijirar farko, shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), babu ma garin Addis Ababa, sai a 1886 aka kafa shi. Daular da su Sayyidina Usman da Nana Ruƙayya da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib suka je ita ce ta Aksum, can arewa. Masallacin da ake dangantawa da Najjashi yana ƙauyen Negash a yankin Tigray, ɗaruruwan kilomitoci daga Addis, sai an hau wani jirgin zuwa Mekele sannan a shiga mota. Yaƙin da ya ɓarke a yankin a ƙarshen 2020 ya taɓa masallacin. Da dattijo, cikin kwana uku, ban ba ku shawara ba.

Amma ina so in gyara wa Alhaji Na Kwari magana ɗaya cikin girmamawa. Ƙasar da Annabi (SAW) ya ce wa sahabbansa su tafi domin akwai sarkin da ba a zaluntar kowa a wurinsa, ƙasar da aka karanta wa sarkinta Suratu Maryam ya yi kuka, wanda da ya rasu aka yi masa sallar ga'ib a Madina, ba ƙasar da Musulmi zai ce babu abin gani ba ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Musulmi ne. Ku yi ƙoƙari Juma'a ta same ku a Masallacin Anwar da ke Merkato, babbar kasuwar garin.

Alhaji Na Kwari:
Malam, na karɓi gyara a kan wannan. Amma Merkaton nan ita ce inda aka ɗauke min waya. Da dattijo za a kutsa cikin wannan turmutsitsin ranar Juma'a?

Hajiyar Kumasi:
Alhaji, kai da ka saba da Kwari ana gobe Salla, Merkato za ta ba ka tsoro? Ni sau huɗu ina shiga. Ba a shiga da waya a hannu, ba a shiga ba tare da ɗan gari ba, shi ke nan. Dabararsu sananniya ce: yaro zai matso da tiren kaya ya tokare maka ƙirji, hannunsa na ƙasa yana aiki, ko wani ya tofa maka abu a riga ya hau ba ka haƙuri yana gogewa. Kowa ya taɓa ka, ka dafe aljihu ka yi gaba.

Kasuwar kuwa ta cancanci gani. Layin kayan yaji kaɗai ya isa: barkonon da suke kira berbere an tula shi kamar yashin gini, ja wur, tun daga nesa mutum ke fara atishawa. Akwai layin gahawa ɗanya, akwai layin man shanu. Akwai wani ɓangare da ake kira Minalesh Tera inda ake mayar da tsohuwar taya takalmi, tsohuwar ganga murhu, ƙarar guduma ba ta tsayawa, kai ka ce 'yan ƙira ne a garinmu. Jakuna na ratsa motoci da kaya. Abin da ya fi tsaya min a rai, Masallacin Anwar da cocin Raguel maƙwabta ne, kana jin kiran salla kana hango masu fararen mayafai suna shiga nasu wurin. Ɗana Abu Sadik, ku je da wuri ku sami wuri a ciki, don sahu har kan titi yake fitowa. In an idar ku jira mutane su ragu. Baba ya zauna a mota da direba, kai ka zaga.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Abu Sadik, labarin kakanku ya sa na kasa yin shiru. Italiya ta mamaye Habasha daga 1936 zuwa 1941. Sojojin Najeriya, birged ta 23, suna cikin waɗanda suka taso ta Kenya suka kama Mogadishu a Fabrairun 1941. Daga nan suka miƙe arewa, fiye da kilomita dubu cikin 'yan makonni, suka kai Jijiga, suka fasa mashigin Marda, suka shiga Harar a ƙarshen Maris. Rundunar da suke cikinta ta shiga Addis ranar 6 ga Afrilu, Haile Selassie ya dawo gadonsa ranar 5 ga Mayu. Yawancin sojojin nan 'yan Arewa ne, kuma Hausa ce harshen bariki a lokacin. Ka duba tafiyar: daga zafin bakin teku a Somaliya zuwa kan tudu cikin wata guda, da kakin da aka ɗinka don zafi. Sanyin da kakanku yake ba da labari ke nan. A unguwar Gulele akwai maƙabartar sojojin da suka mutu a wannan yaƙi ƙarƙashin tutar Ingila, ana kula da ita. Ina ganin Baba zai so ya tsaya can fiye da kowane gidan tarihi.

Hajiyar Kumasi:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Mu ma nan Kumasi akwai barikin Uaddara, a Ankara kuma akwai barikin Gondar, duka sunayen wuraren da sojojin Gana suka yi yaƙi ne a Habasha. Mutane na wucewa kullum ba su san daga ina sunan ya zo ba.

Abu Sadik:
Na karanta wa Baba wannan sau biyu. Ya ce sunan Harar ɗin nan ya sha jin sa a bakin mahaifinsa. Gulele ta shiga lissafi. Wani abokina kuma ya ce kada mu kuskura mu bar garin ba mu ga Lusi ba. Mece ce?

Ɗalibar Tarihi:
Ƙasusuwa ne da aka tono a Hadar, yankin Afar, a 1974. Masana sun ƙiyasta shekarunsu miliyan 3.2, kuma an samu kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwarangwal ɗin, abin da ba a cika samu ba. Tsawonta bai wuce na yaro ɗan shekara biyar ba sosai, amma ƙugunta da gwiwarta sun nuna a tsaye take tafiya. Habashawa na kiranta Dinkinesh. Tana Gidan Tarihi na Ƙasa kusa da Amist Kilo. Wanda ake nuna wa baƙi kwafi ne, na ainihin yana ajiye a ɓoye.

Alhaji Na Kwari:
To ka ji. Wato a ɗauki dattijo daga Ka'aba a kai shi inda za a ce masa kakarsa biri ce. Wannan kam a'a.

Ɗalibar Tarihi:
Ranka ya daɗe, ba wanda zai tsare shi a ƙofa ya ce sai ya yarda da wani abu. Ƙashi ne da aka samu a ƙasa, yana nan, ana iya gani. Fassarar da masana suka yi masa ita ce ake muhawara a kai. Ni na gani, na karanta bayanin, na fito da imanina. Kuma gidan ba Lusi kaɗai ke ciki ba, akwai kayan daular Aksum da kujerun sarakuna da rawunansu.

Malam Abu Maryam:
Kada wannan ya raba mu. Aƙidarmu a kan Annabi Adamu a bayyane take, babu ƙashin da zai girgiza ta. Alƙur'ani kuma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fari halitta. Wanda zuciyarsa ta natsu ya shiga, wanda bai natsu ba ya wuce, ba a rasa komai na addini ba ta kowane ɓangaren. A bar wa Baba zaɓi, ya girme mu duka. Haka zancen coci. Babbar cocin Selassie a Arat Kilo nan kabarin Haile Selassie yake, sai a shekarar 2000 aka binne shi a can, shekara 25 bayan rasuwarsa. Malamai sun yi saɓani a kan shiga irin waɗannan wurare don kallo. Wanda ya shiga ya cire takalmi kamar yadda masu wurin ke yi, ya kama bakinsa, ya girmama masu ibada.

Maman Iman:
Ni tambayata ta ciki ce. Dattijon da ya saba da tuwo me zai ci kwana uku? Kuma naman fa?

Mazaunin Addis:
Hajiya, nama a Habasha ba a wasa da shi. Kirista ba ya cin yankan Musulmi, Musulmi ba ya cin yankan Kirista, don haka mahauta na sa alama a shago: wani gicciye, wani jinjirin wata. Gidajen abincin Musulmi suna da yawa a Merkato da Bole, har da na Larabawan Yaman da na Somaliyawa masu shinkafa da nama. In kuna shakka, ku ce a ba ku beyaynetu, abincin azuminsu ne, babu nama babu man shanu, wake ne da ganye iri-iri. Kiristocinsu na azumin nama duk Laraba da Juma'a, shi ya sa ko'ina ana samu.

Injera ita ce tuwonsu. Kamar sinasir take amma faɗinta ya kai faifai, tana da tsami, ana yin ta da wani tsaba da ake kira tef wanda ya fi acca ƙanƙanta. A kanta ake zuba miya, da ita ake ɗiba. Wasu namu ba sa jure tsamin a ranar farko. Ku fara da shiro, miyar garin wake ce mai laushi. Abu biyu ku kiyaye: kitfo ɗanyen nama ne, in ba a ce a soya ba haka za a kawo shi, sannan tej, wani abin sha ruwan ɗorawa a kwalba mai dogon wuya, giyar zuma ce, kada launin ya ruɗe ku.

Gahawa kuwa a nan ne gidanta. Mace za ta shimfiɗa ɗanyar ciyawa, ta soya ƙwayar a gabanku, ta zagayo da kaskon kowa ya shaƙi hayaƙin, ta daka, ta dafa a tulun baƙar ƙasa da ake kira jebena, ga turaren wuta ga gugguru. Zagaye uku ake sha, na ukun sunansa baraka. Amma duk saurayin da ya tare ku a titi da fara'a ya ce ku zo gidansu ana bikin gahawa, ku ce kun gode. Ƙarshenta takardar kuɗi ce mai nauyi.

Likita Hauwa:
Baba ya tsaya a kofi ɗaya, kuma da safe. Gahawarsu na da ƙarfi, ga hawan jini ga barcin da dama tudu ke ragewa. Ku tafi da rigar sanyi ta gaske da safa. Disamba rani ne a can, da rana ɗumi mai daɗi, digiri ashirin da 'yan kai, amma da asuba yana sauka ƙasa da goma, kuma yawancin ɗakuna babu abin ɗumama su. Ruwan alwala a nemi mai ɗumi. Rana kuma tana ƙuna fiye da yadda jiki ke ji, ya riƙa sa hula ko rawani. Abu ɗaya mai daɗi, sauron zazzaɓi ba ya jin daɗin wannan tudun, a cikin birnin ba a fama da shi kamar wajenmu.

Ɗan Damagaram:
Ba wanda ya ambaci Tarayyar Afirka. Ni don ita na fara zuwa. A garin nan ne shugabanni suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka (OAU), wadda daga baya ta zama Tarayyar, ranar 25 ga Mayun 1963, ƙasashe 32, Diori Hamani na wurin, Abubakar Tafawa Ɓalewa na wurin. Sabon ginin da Sin ta gina aka buɗe a 2012, dogon benen mita 99.9 ne, don tuna 9 ga watan 9 na 1999 da aka yanke shawarar kafa Tarayyar a Sirte. Ku mutanen Kano ma kuna da naku a ciki: a Addis ne Janar Murtala ya yi jawabinsa kan Angola a Janairun 1976, wata ɗaya kafin a kashe shi.

Mazaunin Addis:
Gaskiya ne, sai dai ba a shiga harabar haka kawai, sai da izini ko wani na ciki ya shigar da kai. Ku wuce ta gaba a mota Baba ya gani. Kuma ku yi hankali da ɗaukar hoto kusa da fada, barikin soja da ofisoshin gwamnati, ana hanawa.

Bari in ƙarasa zancen Entoto, don nan ne asalin garin. A can Menelik ya fara zama, saboda mai kan dutse yana ganin abokin gaba tun daga nesa. Amma sanyi ya yi yawa, itacen wuta ya ƙare. Matarsa Taytu ita ta sauko gindin dutsen inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa, wurin da ake kira Filwoha, ta gina gida, ta sa wa wurin Addis Ababa, wato sabon fure. Oromo kuma da can suna kiran wurin Finfinne, har yau haka suke kiransa. Ƙarancin itace ya kusa sa a sake tashi, sai aka shigo da itacen turare daga Ostareliya, mai saurin girma, shi ya zaunar da garin. In kuna hawa za ku ji ƙanshinsa ta tagar mota. Za ku ga mata, wasu sun manyanta, sun goyo damin itace da ya fi su tsawo nesa, suna gangarowa da shi kasuwa. Shekara shida ina ganinsu, har yau ban saba ba. Da asuba kuma 'yan gudu ne ke cika dajin, a irin wannan iskar suke horo, shi ya sa in sun sauka ƙasa ba a kama su. A sama akwai cocin Maryam inda aka naɗa Menelik sarkin sarakuna a 1889, bayanta ga tsohon gidansa na ƙasa da jinka, ƙarami ƙwarai. Mutumin da ya karya rundunar Italiya a Adwa a 1896, nan ya kwana. Mota na kaiwa har sama, Baba ba sai ya taka ba. A gangarowa ku tsaya Shiro Meda, kasuwar masaƙa, ku saya masa gabi, bargon auduga ne fari mai ninki huɗu.

Biza ku nema ta intanet tun kuna gida, kada ku dogara da samu a filin jirgi, ku riƙe katin allurar shawara. Kuɗi a banki ake canzawa. Mota kuma ku kira ta manhajar Ride ko Feres, ko otal ya haɗa ku da direba na yini.

Alhaji Na Kwari:
To, tunda Likita ta yarda kuma Malam ya yarda, na janye. Amma ƙanina, amana ce a hannunka. Ka ga ya gaji, ku koma ɗaki, ko da ba a ga komai ba.

Abu Sadik:
Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi mun dawo jiya, na ga ya wajaba in kawo muku bayani. Daren farko Baba bai yi barci sosai ba, ya ce kamar an ɗora masa abu mara nauyi a ƙirji, ni kuma kaina ya yi ciwo. Muka bi maganar Likita, ba mu fita ba sai la'asar, Unity Park ma rabi muka gani muka dawo. Washegari ya tashi garau. Mun samu Juma'a a Anwar. Wani tsoho da ke kusa da shi a sahu ya tambaye mu daga ina, da muka ce Najeriya sai ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, babu mai jin yaren wani, suka daɗe a haka. Lusi ya ce shi ba zai shiga ba, ya zauna a inuwa a harabar gidan ni na shiga na fito. Injera ya ci loma uku ya ce a kawo shinkafa.

Ranar ƙarshe muka fara da Gulele da safe. Wuri ne shiru, ciyawa a gyare, fararen duwatsu a jere. Kakana bai mutu a can ba, ya dawo gida ya rayu har ya ga jikoki, amma Baba ya ce waɗannan abokan tafiyarsa ne. Ya bi layi-layi da sandarsa yana duƙawa yana karanta sunaye, ya ƙi in riƙe shi. Ya fi rabin awa. Daga nan muka hau Entoto. Da muka fito daga mota iska ta buge shi, rana kuwa tana tsaka, sai ya ja gabin da muka saya tun a hawa ya lulluɓa har ka, ya tsaya yana kallon garin a ƙasa. Ya ce min, “Wannan sanyin ne Malam yake faɗa,” wato mahaifinsa. Minti ashirin muka yi na ga numfashinsa ya fara sauri, muka sauko.

Yau da asuba da gabin ya tafi masallaci. Ya ce in gaida Likita, da Malam, da yarinyar nan mai tarihi, ya sa muku albarka ɗaya bayan ɗaya.

Alhaji Na Kwari:
Amin, Allah ya karɓi umra. Ina da tafiya a watan Maris, zan ƙara kwana ɗaya. Turo min lambar direban nan ta akwatina. Gabin kuma nawa kuka saya, kuma ana ragi?